Kututturan Gonar Tudu

Sau biyu na shuka Gonar Tudu bana, sau biyu yashi ya cinye shukar. Ruwa ya makara har muka fara kallon juna a masallaci, sannan ya zo da hadari baƙi ƙirin daga gabas, irin wanda iska ke riga shi isowa. Gero ya fito bai fi tsawon yatsa ba, iskar hadari na biyu ta kwaso yashi ta yanke shi, abin da ya rage ta rufe. Na koma da sungumi na sake shukawa, aka sake yi mini haka. Ranar da na ɗauko ƙwaryar iri karo na uku, ɗana Nura ya tare ni a zaure ya karɓe ta daga hannuna.

"Baba, don girman Allah ka daina wahalar da kanka. Gonar nan ta mutu. Masu tifa sun sake yi mini magana, yashin suke so na buga bulo. Gara mu sayar musu mu sayi hatsi, da mu riƙa zubar da iri kowace shekara."

Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen daminar nan. Ban yi masa faɗa ba, don gaskiya ya faɗa. Shi ya tashi ya tarar da ita haka, tudun yashi da fako a tsakiya, ko inuwar da akuya za ta fake babu. Yana zaton hamada ce ta ci ta, kamar yadda suke ji a rediyo, ni kuma ban taɓa gaya masa yadda aka yi ba. Zafin bazarar bana da jinkirin ruwan ne suka yi ta mayar da ni wata shekara irinta, fiye da shekara arba'in baya, lokacin gonar tana hannun mahaifina.

Ƙauyenmu yana tsakanin Ɗanzomo da Sule Tankarkar. A lokacin ina saurayi, ban yi aure ba, ƙarfi na damuna, girman kai kuma ya fi ƙarfin. Mahaifina Malam Hassan ɗan gajeren mutum ne marar yawan magana. Ya yi ƙuruciyarsa wajen dangin mahaifiyarsa a ƙasar Damagaram, can ya ɗauko wata ɗabi'a da ta mai da mu abin dariya a gari.

Mu a nan, in bazara ta yi, kowa zai shiga gonarsa da gatari da adda ya yi sassabe. Duk abin da ya toho a sare shi, a tara, a cinna masa wuta. Manomin ƙwarai shi ne wanda in ka tsaya a wannan iyakar gonarsa za ka hango zabuwa tana kiwo a waccan. Baba kuwa sai ya tsuguna a gaban kowane kututture kamar mai gaisuwa, ya duba tohon, ya zaɓi ɗaya ko biyu mafi ƙwari ya bari, ya rage musu rassan ƙasa da wuƙa, sannan ya sare sauran. Sai gonarmu ta cika da 'yan itatuwa barkatai: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya, wani iya gwiwa, wani ya ɗara mutum. Gari ya sa mata suna gonar rago.

Ba na manta wata gayyar noman farko da muka kira. Samari sun jera, hauya na ta sarƙewa a rassa. Ilu, sa'ana ne kuma iyakar gonarmu ɗaya, mutum ne siriri da bakinsa ya fi hannunsa aiki, ya miƙe ya share gumi ya ce, "Sale, wai noma ka kira mu ko farauta? Ka faɗa mana mu koma mu ɗauko karnuka." Har 'yan matan da suka kawo fura sai da suka ajiye ƙwarya suka yi dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da suka watse na samu Baba. Na ce, "Baba, mutane fa ragwaye suke ce mana."

"Su ce." Ya dafa wani ɗan gawo da bai kai ƙugunsa ba. "Wannan da kake gani, a sama ne yake yaro. A ƙasa ya girmi kakanka. Sara ake yi masa duk shekara, shi ya hana shi tashi."

Maganar ba ta shige ni ba.

Sai damina ta juya mana baya shekara biyu a jere. Ta farko gero ya kai ƙugu ya tsaya, ya bushe a tsaye bai fid da kai ba. Ta biyu ma kusan haka. Kafin bazarar da ta biyo baya mun kai gindin rumbu, Inna ta shiga ciki da tsintsiya ta share abin da ya maƙale a lunguna. Da fari aka daina tuwon rana. Daga nan na dare ya koma kunu, kunun ya yi ta tsinkewa har kana ganin gindin ƙoƙo ta cikinsa. Muka ci dusa. Muka ci anza, wadda sai an jiƙa ta kwana uku ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya ragu, ga ruwan kansa ya zama abin faɗa. Rijiyar gari ta yi ƙasa, aka yi ta ƙara wa igiya tsumma, guga ya fito rabi ruwa rabi laka.

Zafin shekarar nan har yau ina jin sa a ƙeyata. Tun hantsi yashi ke ƙona ƙafa ta cikin takalmi. Kaji su kwanta a gindin randa baki buɗe. In ka je kasuwar Maigatari ranar Alhamis, sai ka tarar da shanun da aka koro daga arewa kwance, ana kama wutsiya ana ɗaga su, mai saniya yana roƙo a karɓe ta da kwanon hatsi kaɗan. A hanyar dawowa warin mushe ke raka ka har gida.

Awakinmu huɗu ba su mutu ba. Gawo da rani yake ganye, sabara da kalgo ma ba su bushe ba, Baba ya riƙa sassaro musu reshe-reshe kullum. Inna ta riƙa tsinko ganyen aduwa tana dafawa, tana daka 'ya'yan magarya muna lasa. Da sassafe matan maƙwabta, har da waɗanda mazansu suka raɗa wa gonar suna, sukan zo su tsaya a bakin zaure su yi sallama, su nemi izinin shiga gonar da ƙwarya. Baba bai taɓa hana kowa ba. Duk wannan a gaban idona aka yi, amma ni abin da na gani kawai shi ne muna cin ganye kamar dabbobi.

Ana cikin haka wata mota ta shigo gari da mutane masu igiyar awo da turaku masu jan fenti. Dagaci ya tara mu. Shugabansu Malam Bala, ɗan birni ne mai tsabta da fara'a, kuma ba zan ɗora masa mugunta ba, abin da yake faɗa ya yarda da shi. Ya ce hamada na tahowa daga arewa, za a dasa dogon layin itatuwa ya tare iska. Ya ce duk wanda ya yi aiki za a auna masa hatsi. Da muka ji hatsi ba wanda ya saurari sauran bayanin. Washegari aka kafa turakun. Layin ya ratsa gonaki, ya haɗiye Gonar Tudu in ban da wata 'yar kusurwa marar itace, ya wuce cikin gonar su Ilu.

Sharaɗin aikin ɗaya ne. Kafin a haƙa ramukan dashe, sai an tone kowane kututture har saiwarsa, wai za su shanye wa sabbin itatuwa ruwa, kuma suna tara gara. Da yake na gama firamare ina iya rubuta suna, ga ƙarfi, Malam Bala ya naɗa ni helma, shugaban leburori. Har usur ya ba ni na rataya a wuya. Ranar na zagaya gari sau biyu ba tare da ina da wurin zuwa ba.

Baba ya sa rigarsa ta Juma'a ya je ya sami Malam Bala a ƙofar dagaci. Ina tsaye a gefe.

"Malam, ga itatuwa nan a ƙasa da ransu. A bar su mana, a dasa naku a tsakaninsu."

Malam Bala ya yi murmushi, har ya ɗan rusuna. "Baba, ai waɗannan ƙananan ƙayoyi ne. Wanda za mu kawo muku turare sunansa, shekara biyar ya wuce soro tsawo. Ka kwantar da hankalinka, gonarka za ta fi ta kowa cin moriya."

Baba ya yi godiya ya tashi. Bayan la'asar muna fitowa daga masallaci ya rage tafiya har na cim masa, ya yi ƙasa da murya.

"Sale, tunda kai ne helma, ka sare kututturan daidai ƙasa, ka tura yashi a kai. Ba mai tonawa ya duba."

Na ce, "Baba, ha'inci kake so in yi? Amana fa aka ba ni."

Da ƙarfi na faɗa, har waɗanda ke bayanmu suka ji. Mutumin da bai taɓa tauye wa kowa mudu ba, wanda in liman ba ya nan shi ake turawa gaba, ni na tsaya a bainar jama'a ina koya masa amana. Ya dube ni ɗan lokaci. Ya ce, "To, Allah ya taimaka." Ya wuce gida. Na sha yin abin kunya a rayuwata, amma wannan ne har yau in ya faɗo mini nake jin zazzaɓi.

Mu ashirin da wani abu ne a aikin. Da an idar da asuba nake busa usur, mu fita kafin rana ta yi ƙarfi. Uku-uku muke tarar wa kututture, ɗaya da diga, ɗaya da shebur, ɗaya da gatari. Sabara da kalgo ba su da wuya sosai. Gawo da aduwa kuwa sai ka tona rami har ƙirjinka, saiwar na nan tana ta nutsawa. Da rana mu jiƙa garin kwaki a kwano ɗaya mu sa hannu, wani ya miƙe jiri ya mayar da shi ƙasa, a yi masa fifita da hula ya farfaɗo ya koma rami. A gonarmu ni na karɓi gatarin da kaina, don kada a ce helma ya yi wa gidansu sassauci.

Abu ɗaya ya ba ni mamaki, ko da yake bai tsayar da ni ba. Shekara biyu ba ruwan kirki, yashi a bushe har ƙasan rami, amma in ka sari saiwar gawo sai ka ga cikinta jiƙe, da sanyi, tana wani ƙamshi ɗanye. Na taɓa dafa tafin hannuna a kai na shafa a fuska. Inda saiwa ta fi ƙarfin tono, ni na kawo dabarar a cika ramin da busasshen kashin shanu da ƙirare a sa wuta, ta kwana tana ci a ƙasa, don kada wani abu ya sake tohowa. Ba Malam Bala ne ya ce a yi haka ba. Da ya gani ya yaba mini a gaban kowa, ya ce da ana samun irina da ƙasar nan ta gyaru. Baba ya zo sau ɗaya ya tsaya a kusurwar da aka bar masa, hayaƙi na fitowa daga ramuka ta ko'ina. Bai sake zuwa ba.

Ilu da mutum biyu na ba su ɓangaren gonarsu. Sai na ga sun gama da wuri, wuri ya yi fes, alhali Ilu ko tulu ya ɗauka sai ya huta sau biyu. Na ɗauki sandar ƙarfe na bi ina caka yashi. Caka uku na ji itace. Sun sare kututturan daidai ƙasa sun rufe, abin da Baba ya roƙe ni ke nan ba ragi.

Ilu ya riƙe mini hannu. "Helma, ka rufa mini asiri. Kwana biyu ke nan kunu kaɗai na sha. Wallahi in na tona ramin nan, ni za a binne a ciki."

Na fizge hannuna na kai ƙara. Aka sallame shi a ranar, cikin tsakiyar yunwa. Mahaifiyarsa ta zo wajen Inna tana kuka, ni kuwa na fice daga gidan. Bayan kwana kaɗan Ilu ya bi motar kudu ya tafi ci-rani. Malam Bala ya ce za mu koma mu tone wurin, sai ga saƙo cewa wani babban mutum zai zo daga birni ya buɗe dashen, a gaggauta haƙa ramuka. Haka aka bar gonar su Ilu da kututturanta a ƙarƙashin yashi.

Hatsin da ake auna mana wata jar dawa ce ta ƙasar waje mai warin buhu da magani. Inna ta surfa ta niƙa, tuwo ya dawo gidanmu. Na so a ce Baba ya ƙi ci, da na samu abin da zan yi fushi da shi. Ya ci. Ya wanke hannu ya sa a akushi ɗaya da ni, ya ce an gode Allah. Dawar nan ita ta fitar da mu daga shekarar da ranmu, wannan ba zan ɓoye ba.

Ruwa ya sauka daga baya, kuma ya yi kamar sati uku yana zuba sosai. Ƙasa ta yi ƙamshi, kwaɗi suka dawo, tafasa ta rufe bakin hanya. Masu sauran gona suka ruga shuka. Dashen kuwa yana jibge a ƙofar dagaci cikin baƙaƙen ledoji, an ce ba mai taɓa shi sai babban mutum ya dasa na farko. Kullum sai in je in tsaya a Gonar Tudu, fili fetal, in ga ramuka sun cika da ruwa, kafin azahar sun tsotse ba komai a ciki. Aka ɗaga ranar zuwansa sau biyu. 'Yan itatuwan suka gaji da jira, saiwarsu ta fasa leda ta shiga ƙasa a nan ƙofar dagaci.

Babban mutumin ya zo damina na haɗa kayanta. Aka kafa rumfa, makaɗa suka yi ta yi. Aka miƙa masa sabon shebur ya zuba ƙasa sau biyu, aka tafa, aka zuba masa ruwa a hannu daga buta ya wanke, ya shiga mota. Mu muka kwashi sauran. Kowace leda ka ɗaga sai ka ji ƙas, saiwa ta tsinke. Cikin mako guda muka dasa su duka. Aka yi ruwa biyu bayan nan, sama ta ɗauke.

An yi alkawarin tankar ruwa, ta zo sau uku. Muka koma ɗiba daga rijiya da jakuna, mata suka taso mana, suka ce ba za a shayar da itace a bar 'ya'yansu da ƙishirwa ba, kuma da gaskiyarsu. Garar da aka ce kututture ke tarawa, da ta rasa kututture sai ta koma wa dashen. Wanda ya tsira daga gara awaki suka same shi. Da kaka aka daina auna hatsi, ranar kuma aka daina ban ruwa. Malam Bala aka yi masa canjin wurin aiki, ya zo ya yi mini sallama ya ce in riƙe usur ɗin.

Ɗaiɗaikun da suka rayu sun yi tsawo kamar yadda ya faɗa, ba zan ce ya yi ƙarya ba. Sai dai ganyensu akuya ba ta ci, gindinsu ko ciyawa ba ta fitowa. Shekaru aka yi an hana noman wurin, malamin daji na kewayawa da keke. Da ya daina zuwa, mutane suka bi su da gatari, wannan ya yi azara, wancan ya yi itacen girki. Suka toho aka sake sarewa, har suka haƙura. Ba wanda ya zo ya ce ga gonarku mun mayar, mun dai ga ba mai hanawa muka koma. Iska ta riga ta kwashe baƙar ƙasar sama. Na kai taki da jaki, na kai da amalanke, na ba Fulani makwana shekara da shekaru. In an yi ruwa ya wanke, in an yi iska ta ɗauke.

A gonar su Ilu dashen ya mutu kakaf, ko ɗaya bai kai labari ba. Amma damina biyu bayan nan sai toho ya fara leƙowa ta cikin yashi, kuma da yake an hana noman wurin, ba wanda ya shiga ya yi masa sassabe. Kafin Ilu ya dawo daga kudu sun fi ƙarfin akuya. Baba a lokacin aron gona yake yi wajen surukinsa, kuma doguwar hanya yake bi don kada ya ratsa ta Gonar Tudu. Sau ɗaya muka bi ta wajen tare, za mu jana'iza wani ƙauye. Da muka zo iyakar su Ilu ya tsaya gaban wani gawo da ya ɗara shi tsawo. Ya zaro wuƙarsa ya rage masa rassa biyu na ƙasa, a gonar da ba tasa ba, ya mayar da wuƙar kube muka ci gaba da tafiya. Har ya rasu bai taɓa ce mini ka gani ba.

Yanzu garin ya canza. Akwai famfo mai aiki da hasken rana, babura sun fi jakuna yawa, Nura ma da babur yake ci da iyalinsa, yana kai mutane Maigatari da Gumel. Masu dashe kuwa ba su daina zuwa ba, kowane 'yan shekaru sai an zo da sabuwar mota da sabbin ledoji. Na daina fita kallonsu. Amma a tsakiyar daminar nan dagaci ya aiko cewa wasu sun zo da wata hanya dabam, ba leda ko ɗaya. Na ja sandata na je.

Wata mata ce, Malama Hadiza, ba za ta wuce sa'ar Nura ba. Ta kai mu bayan gari ta tsuguna gaban wani kututturen sabara da 'yar wuƙa. Ta ce an daɗe ana dasawa yawanci na mutuwa, amma wanda ya toho daga tsohon kututture ba ya bukatar ban ruwa, don saiwarsa ta riga ta yi nisa. Ta zaɓi toho biyu ta bari, ta rage musu rassan ƙasa, ta sare sauran. Ta ce sunan abin sassabin zamani. Mutane suka yi ta jinjina kai, har da tafi, cikinsu har da jikokin waɗanda suka ce wa mahaifina rago. Na so in tafi, amma na tsaya har ƙarshe. Da aka watse na roƙe ta ta zo ta duba mini gonata, ko akwai abin da za a yi.

Ta zo washegari da hantsi, Nura ya kawo ta a babur. Ta bi gonar daga iyaka zuwa iyaka tana duban ƙasa, tana tona nan da can da tsinin sanda. Ta daɗe. Ta dawo tana share fuska da gefen hijabi.

"Baba, ba a taɓa yin itace a nan ba ne?"

"An yi."

"Ikon Allah. Ko a fako mukan sami sabara ɗaya ko biyu. Nan kuwa ba abin da zan ce ka raina, an cire su har saiwa."

Sai ta ɗaga kai ta hango gonar Ilu. Gawo manya-manya sun zubar da ganye kamar yadda suke yi da damina, gero a gindinsu kore shar har ƙirji. Ilu na zaune a inuwar wani kalgo, ya tsufa ya ƙara sirancewa. Ta ƙarasa da sauri tana ɗaukar hoto da waya.

"Baba, wa ya koya maka wannan?"

Ilu ya yi dariya, haƙoran da suka rage masa suka fito. "Yunwa da lalaci, 'yata." Ya juyo ya dube ni. Har yau Helma yake kirana, kuma na san bakinsa. Na tsaya ina jira ya ƙarasa ni a gaban ɗana. Sai ya matsa gefe a kan buzunsa ya ce, "Helma, shigo inuwa mana, rana ta yi." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Malama Hadiza ba ta bar ni haka ba, ta yi ƙoƙari. Ta ce a haƙa ramuka masu siffar rabin wata su tare ruwa, a zuba taki, a shuka ƙwayar gawo, a kewaye da ƙaya, a yi gadi saboda awaki. Ta ce in an dage, shekara goma sha biyar za a fara ganin inuwa, in Allah ya so. Na dubi Nura. Yana jingine da babur yana kallon ƙasa, yana da 'ya'ya biyar da zai ciyar kafin wannan inuwar. Ni kuma digar da nake ɗagawa da hannu ɗaya, yanzu da biyu ma ba na iyawa. Na yi mata godiya sosai.

Da aka yi girbi na ce wa Nura ya kira masu tifar.

Sun zo da leburori da shebur. Kwana huɗu suna lodi, na ce ba zan je ba, rana ta biyar na kasa zama. Na tarar sun yi rami mai faɗi, zurfinsa ya kai ƙirjin mutum. Direban na ta faɗa da Nura, wai yashin ya fara fitowa da gawayi, masu bulo ba za su karɓa ba, daga wannan lodin ba zai dawo ba. Na matsa bakin ramin na leƙa. A jikin bangon yashin ga baƙaƙen tabo nan jere, kowanne da dunƙulen gawayi mai kaurin cinya ya nutsa ƙasa. Na gane su ɗaya bayan ɗaya. Wancan aduwar da Inna ke tsinka ce. Na kusa da ita magarya. Na tsakiya, wanda ya fi kowanne kauri, ɗan gawon nan ne da Baba ya dafa, kwana biyu wuta ta yi tana cin sa.

Direban ya ga na daɗe a tsaye, ya sassauta murya. Ya ɗauki wani guntun gawayi ya murza a hannu.

"Baba, da can nan daji ne?"

Na ce, "A'a. Gonar mahaifina ce."